Mutumin da Na Bari a Cikin Rijiya

A Maraɗi aka fara raina mini hankali, kuma abin haushin da shayi aka fara. Na sauka a tasha da jakata ɗaya, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman mota, sai ga wani dogo da jar hula da tabarau yana ƙwala mini kira kamar ya san ni tun ina goye. "Sabo Mai Bidiyo! Babban darakta! Ka iso lahiya?" Ya karɓe jakar, ya ja ni wurin mai shayi, ya sa aka fasa mini ƙwai. Mamman sunansa, shi ne dillalin da aka ce in nema. Ni da ban taɓa jin an kira ni babba ba, nan take kaina ya fara kumbura ya kamo ƙafafun.

Bari in faɗi abin da ya raba ni da Gwarzo, don kada a ɗauka yawon banza na fita. Sana'ata ɗaukar biki: aure, suna, saukar karatu. Da fim ɗin Hausa ya fara tashe, ni ma na haɗa nawa da wannan kyamarar bikin, na sa masa suna Gaba Sha Biyu, wato zurfin rijiyar da labarin ya ginu a kanta. Labarin wani ƙauye ne da ba ruwa. Jarumin wani saurayi ne na ɗauko daga Kano, ba zan faɗi sunansa ba, a nan Ɗan Gayu zan kira shi don ya fi dacewa da shi. Amma wanda ya tafi da zukatan jama'a Baba Tanko ne, mahaƙin rijiya na gaske daga Durun. Ban koya masa komai ba, cewa kawai na yi ya yi abin da ya saba. Shi kuwa in yana haƙa hira yake da ƙasa, yana lallashinta, yana yi mata faɗa, mutane su yi ta dariya har da hawaye.

Wani ɗan kasuwar kaset a Kano ya saye fim ɗin ɗungurungum, kuma a lokacin in ka sayar ka sayar ke nan, har sunan ya zama nasa. Da ya ga ana saye, ya sa na yi na biyu. Yadda na tsara shi ne rijiyar ta rufta da Baba Tanko a ciki, gari ya taru a jawo shi, a ƙare da murna. Ɗan kasuwar ya ce sam. A yanke daidai inda ƙasa ta zubo, igiya tana reto, fitowar kuwa sai a na uku. "In ka fito da shi yanzu, wa zai sayi na gaba?" Na yi gardama har muryata ta dishe, ya ce fim ɗinsa ne, haka aka yanke.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Ni ma da ni aka yi kabbara, ban ɓoye ba, sai dai bayanta aka dakatar da yin fim a Kano na wani lokaci. Ga tsadar rayuwa ta sako kowa a gaba, aure ma sai a ɗaura a raba goro a watse, ba mai neman mai bidiyo. Ɗan kasuwarmu ya sayar wa wani Alhaji mai fataucin goro a ƙasashen yamma da fim ɗin, shi kuma ya koma sayar da carbi da dardumar salla, ko a jikinsa.

Wanda abin ya faɗa wa a ka Baba Tanko ne. Da farko wasa ne, wani makwabcinsa Ɗanjuma mai baki ya fara gaishe shi da "Marigayi, an tashi lafiya?" Kafin ka ce me, sunan ya bi shi har Lakwaya da Mainika. Daga baya wasan ya zama gaske. Wata ranar kasuwa ya tako har shagona a Gwarzo, ya ƙi zama.

"Sabo, kai ka saka ni, kai za ka fito da ni."

"Haba Baba, ai kowa ya san wasan kwaikwayo ne."

"Kowa ya sani, amma tun damina ba wanda ya kira ni aiki. Matan gida sun ce ba za su sha ruwan rijiyar da wanda ƙasa ta danne ya haƙa ba. Ga ni ina tafiya da ƙafafuna, ana kauce mini a hanya. Ka fito da ni kafin mutuwar gaskiyar ta zo."

Na ɗaukar masa alkawari a gaban mutane. Don haka da saƙo ya zo cewa Alhaji mai goro yana neman daraktan da zai yi na uku, a sami dillalinsa a Maraɗi, ban tsaya shawara ba. A zatona zuwa kawai zan yi a ce mini bisimilla.

Ana cikin shan shayin Mamman ya warware mini. "Ba kai ɗaya ba ne hwa. Alhaji ya ce a tara daraktoci a zaɓa."

Na ajiye kofin. "A zaɓa? Ni na yi na ɗaya, ni na yi na biyu. Gwada ni za a yi a ga ko na iya kwaikwayon kaina?"

"Kai ka yi shi, Alhaji ya saye shi. Amma kwantar da hankalinka, ni ke shigar da sunan mutum. Ka ba ni labarin na ukkun duka, in san abin da zan hwaɗa mishi a kanka."

Na kuwa bayar. Wallahi duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Kullum da hantsi mu hallara wurin mai shayin nan, in zauna in zazzage musu labari: yadda Ɗan Gayu zai dawo daga birni, yadda zai sasanta da ɗan'uwansa, inda za a yi dariya, inda za a yi kuka. Ba Mamman kaɗai ke saurare ba, akwai wani gajere mai ƙaramin gemu da ke zama gefen Mamman kullum, ba ya cewa uffan. Da na tambaya, Mamman ya ce ɗan'uwansa ne, bakanike, bai san komai a kan hilim ba, shayi kawai ke kawo shi. Da na zazzage tas, sai aka ce mini ai Alhaji ya wuce Yamai. Kuma ko ba haka ba, ba a ɗaukar darakta sai jarumi ya amince da shi, jarumin kuwa yana can. Mamman ya raka ni mota yana ta yi mini romon baka, ban sake sa shi a idona ba.

Hanyar Yamai doguwa ce, ga zafi, ga shingen jami'ai ba iyaka. A wani shingen bayan Dosso wani jandarma ya zazzage jakata a ƙasa, ya ci karo da kaset biyu na fim ɗina. Ya dubi kwalin, ya dube ni.

"Kai ne ka ruhe tsohon nan cikin rijiya?"

Na ce ni ne, amma ba da son raina ba.

"Uwata ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo. Zamna can."

Ya zaunar da ni a rana, fasinjoji suna ta tsaki a cikin mota. Da ya ga na gasu, ya miƙo mini ruwa a buta, ya mayar mini da kayana da kansa, ya ce, "Tahi, amma ka hiddo shi." Na shiga mota ina ɓacin rai, amma can ƙasan zuciyata na ji daɗi. Ashe har nan ana jiran Baba Tanko.

A Yamai na sami Ɗan Gayu a wani otal kusa da kogi. Wannan yaron ni na koya masa inda zai ajiye hannayensa in kyamara ta kalle shi. A tsakar gidana ya ci tuwon matata Hanne har ya nemi ƙari. Yanzu sai da na yi ta zarya kafin a bar ni in shiga, kullum a ce yana barci ko yana da baƙi. A tsakanin nan a barandar wani masallaci nake ajiye haƙarƙarina, in fita in ji ana Zabarmanci da Faransanci ta ko'ina, in rasa wanda zan ce wa ko sannu. Wata mai sayar da dambun zogale ce ta lura kullum ina wucewa ina kallon tukunyarta ba na tsayawa, ta fara zuba mini a leda tana kawar da kai don kada in ji kunya. Duk lomar da na kai sai in tuna Hanne, in tambayi kaina me suke ci a gida.

Ranar da ya ga dama ya gan ni, yana kishingiɗe ana yanke masa farce. Bai tashi ba.

"A'a, Oga Sabo! Kai ne a nan? Ya Gwarzo, ya ƙura?"

Na haɗiye fushina, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya lissafo mini sharuɗansa na darakta kamar mai sayen rago. Waƙa ta yi yawa. Kyamara ta riƙa matsowa kusa da fuskarsa. Ba zai sake sa rigar noma ba, ba zai taka taɓo ba. Durun kuwa ko a mafarki, wai can kunama ta kusa harbinsa. Sai da ya gama kewaye-kewaye ya fito da abin da ke cinsa.

"Kuma gaskiya, Oga, a na biyu ka ba tsohon nan fili fiye da ni. Duk inda na je ba a tambayata komai sai ko ya fito. Hotona ne a kwali, amma shi ake nema. Wannan ai cin fuska ne."

Na ce, "To ka taimaka a fito da shi mana, a daina tambayarka."

Ya yi dariya, ya duba farcensa. "Ni ba ni da matsala da kai. Magana tana wurin Alhaji, shi kuwa ya koma Kumasi tun tuni."

Tun tuni! Yana sane ya bar ni ina kwana a baranda. Na fito ina huci, har mai gadin otal ya matsa mini hanya. Da hankali ne da daga nan gida zan juya. Amma da wane ido zan kalli Baba Tanko?

A saman motar albasa na tafi Kumasi, don ita aljihuna ya iya. Muka ratsa Barkina muka gangara, ni da wasu 'yan ci-rani, a kan buhuna, rana ta dafa mu, albasa ta turara mu. Wanda bai kwana a kan albasa ba bai san wulaƙanci ba, har gumina ya koma warinta. A kowace iyaka a sauke mu a jera, a yi mana tambaya da harshen da ba ma ji, a yi mana tsawa don ba mu amsa ba. Da muka nutsa kudu sai ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa da itatuwa masu tsawon da ban taɓa gani ba. Na duba ƙasar nan jiƙe sharkaf, na ce a raina, a nan za a yi fim ɗin ƙauyen da ba ruwa?

A zangon Kumasi, unguwar Hausawa, Allah ya haɗa ni da Baba Sidi, wani tsoho mai ɗaure huhun goro a sito ɗin Alhajin. Ya ji ina tambayar hanya, ya tsaya cak.

"Wannan Hausa na ina ne?"

Na ce ta Gwarzo.

"Gwarzo kusa da Kabo?" Ya kama hannuna da hannayensa biyu. "Kakana daga Kabo ya zo da jakai. Ni a nan aka haife ni, ban taɓa zuwa ba. Kabo yana nan?"

Na ce tana nan daram. Ya kai ni ɗakinsa, ya ba ni tabarma, ya sa aka kawo mini shinkafa da wake da yaji mai zafin gaske. Da ya gane ni ne mai Gaba Sha Biyu, ya rasa inda zai sa ni. Ya ce ba labarin yake kallo ba, katangun yake kallo, da rumbuna, da tsamiyar bakin rijiya, yana cewa wataƙila kakansa ya taɓa hutawa a ƙarƙashinta. Sannan ya yi tambayar da na san zai yi. Na ce masa abin da ya kawo ni ke nan.

Ranar zaɓe aka tara mu a cikin siton, tsakanin huhunan goro. Alhaji yana kan kujera, mutum mai sanyin murya da tsabtar riga. A gefensa 'yan kasuwar kaset ne na Kumasi da Ankara, babban birnin ƙasar, su ne masu ba shi shawara. Daraktoci mu uku ne a kan benci: ni, da wani mai kwat daga Jos, da na ukun da ya shigo a makare. Ina ɗaga kai na ga gajeren nan mai ƙaramin gemu, bakaniken Maraɗi da bai san komai a kan hilim ba. Ya yi mini sallama kamar bai taɓa ganina ba. Na yunƙura zan tashi, Baba Sidi ya dafa kafaɗata daga baya.

Alhaji ya fara da cewa shi bai kalli fim ɗin har ƙarshe ba, ya dai ga farkon, amma an tabbatar masa yana tafiya a kasuwa. Tambayoyinsa ba su da yawa: wa zai gama kafin Sallah, wa zai iya zama lafiya da Ɗan Gayu, kuma me za a yi da tsohon cikin rijiya. Ba wanda ya tambayi abin da muka taɓa yi a baya. Kaset ɗin da na sha rana dominsu suna jakata, ba wanda ya ce in fito da su.

Mai kwat ya ce shi aljani zai mayar da tsohon, ya riƙa fitowa da farin ƙyalle yana tsorata gari. 'Yan kasuwa suka ce a halin da ake ciki a Kano ba za a bari a sayar da wannan ba, aka sallame shi. Aka zo kan gajere. Ya gyara murya, ya kwararo labarina tiryan-tiryan, yadda na ba su shi a wurin mai shayi, har inda na ce za a yi dariya sai da ya tsaya aka yi. Abu ɗaya ya cire, rijiyar. Ya mayar da komai cikin otal da bakin teku.

"To tsohon fa?" in ji Alhaji.

"Yadda ka ce, Alhaji."

"Waƙa nawa za a sa?"

"Yadda ka ce, Alhaji."

Tun daga ranar ban sake kiransa da wani suna ba sai Yadda-Ka-Ce. Wani mai ƙaton tumbi cikin 'yan kasuwar ya ce, "A bar shi a can kawai. Jarumi ya yi masa addu'a a farko, a wuce wurin waƙa. Fuskar tsoho ba ta sayar da kaset."

Ban jira an ba ni izini ba na miƙe. Na ce labarin nan nawa ne, a Maraɗi aka sace shi a kan kofin shayi. Na ce tsohon da suke magana a kai mutum ne mai rai, yana Durun, yana da iyali, an daina ba shi aiki saboda wannan fim. Na ce daga Dosso har zangon nan ba abin da ake jira sai fitowarsa, su tambayi mai ɗaure musu goro in ƙarya nake. Na ce yini ɗaya ya isa, a ba ni kyamara in je in ɗauko fitowar, sauran su yi rawarsu a bakin teku har su gaji.

Alhaji ya bar ni na gama, yana ɓare goro. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

"Malam Sabo, ka yi haƙuri. Ni ba mai labari nake nema ba, labari na riga na saya. Wanda zai gama a kan lokaci nake nema, wanda ba zai tsaya yana ja da ni a kan wani tsoho ba. Kai abin ya shiga ranka da yawa, irinku wahalar aiki gare ku. Amma ba za ka tafi haka ba. Ka zauna ka taimaka wa wannan, ka nuna masa yadda kake riƙe kyamara, don kada masu kallo su gane an canza hannu."

Wato in koya wa ɓarawona tafiyata don ya shiga gidana ba a gane shi ba. Abin da na faɗa a wurin ba zan maimaita a rubuce ba, na dai san Baba Sidi ne ya ja ni waje, kuma mai tumbin nan bai sake ɗaga kai ba. Har yau ban yi nadamar kalma ɗaya ba.

Fushi ba ya biyan kuɗin mota, don haka na daɗe a Kumasi fiye da yadda na so. Baba Sidi ya samo mini aiki a wani siton daban, ina jiƙa ganye ina tsince goro mai tsutsa. Ina nan aka yi fim ɗin aka gama. Wata rana na hango su a bakin titi, Ɗan Gayu da jar kwat yana tsalle, Yadda-Ka-Ce yana gyaɗa kai, na sauya hanya. Da aka sami motar goro mai zuwa arewa, Baba Sidi ya roƙi direban ya ɗauke ni. Ina shirin hawa ya zo da wani abu a buhu, ya ɗora mini a kafaɗa. Igiya ce sabuwa, shuɗiya, mai kauri, irin ta masu jiragen ruwa.

"Ka kai wa tsohon nan. Igiyan fim ɗin ya tsufa, na gani, shi ya sa. Ku jawo shi da wannan."

Ban tuna masa cewa an riga an gama magana ba. Na karɓa na yi godiya.

A tashar Kabo na sauka, na ci karo da abokina Malam Bitrus, malamin firamare ɗan kudancin Kaduna, wanda shi ya rubuta mini sunayen da suka fito a farkon fim ɗin don hannunsa ya fi nawa kyau. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce na rame, sannan ya kawar da kai.

"Faɗi mana, Malam."

"Kaset ɗin ya riga ka isowa, Sabo. An nuna shi a gidan kallo ranar kasuwa. Baba Tanko ya zo da wankakkiyar riga, ya zauna a gaba, ya gayyato mutanen Durun su zo su ga fitowarsa. Ana farawa sai jarumin nan ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙan Baba mai rijiya."

"Sai me?"

"Ka san mutanenmu in an yi addu'a. Ɗakin gaba ɗaya aka ce amin. Yana zaune a tsakiyarsu."

Ban ƙarasa Gwarzo ba, ko Hanne ban fara gani ba. Na ari keken Malam Bitrus na ɗaure buhun a baya na nufi Durun. Na sami Baba Tanko a zaure, daginsa yana jingine a lungu ya yi tsatsa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, bai tambayi komai a kan fim ba. Na kwance buhun na zube igiyar a gabansa. Ya ɗauki bakinta, ya murza, ya ja da ƙarfi, ya shinshina.

Na ce, "Baba, ba su ba ni aikin ba. Amma kyamarar bikin tawa ce, rijiyar kuwa ba wanda ya saye ta."

Da na je neman izini, mai unguwar Durun ya tambaye ni ko ina da takardar yin fim, na ce ranka ya daɗe ba fim zan yi ba, biki zan ɗauka, sana'ata ta asali. Ya yi murmushi ya ce a sanar bayan sallar Juma'a. Tsohuwar rijiyar da muka yi aiki da ita tana nan a gindin tsamiya. Ana saukowa daga masallaci, maza suka jeru riƙe da igiya, mata suna leƙe ta saman danga, Malam Bitrus ya riƙe mini lema don rana. Ɗanjuma mai baki ma ya zo, na sa shi a gaban layi da gangan. Aka zura Baba Tanko, muka yi da shi yana taɓa ƙasa ya girgiza igiya mu ja.

Muka jira, igiya shiru. Muka ƙara jira. Dariyar da ake yi ta ɗauke, na ga fuskar Ɗanjuma ta sauya. Ya durƙusa a bakin rijiyar ya leƙa.

"Tanko! Tanko! Kana ji na?"

Sai muka ji daga can ƙasa, cikin faɗa: "Ku dakata mana! Wane irin sakaci ne wannan, kun bar ta ta cika da shara haka? Ku sauko mini da guga da dagi!"

Yasar rijiyar ya kama yi. Ban kashe kyamara ba. Guga ya yi ta sauka yana hawa da taɓo, muna jin shi yana yi wa ƙasa faɗa yana lallashinta, har ruwa ya fara tsattsafowa. Sai da ya ga dama ya girgiza igiyar. Aka ja da kabbara, ya fito baƙi ƙirin da laka tun daga kai har ƙafa, mata suka rangaɗa guɗa. Ɗanjuma ne ya kama hannunsa ya tsallakar da shi, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Tanko, tawa ma ta ja baya. In ka sami sarari ka zo ka duba mini."

Ni da Malam Bitrus muka karɓi kaset ɗin gidan kallon Kabo, muka naɗi fitowar a kan addu'ar. Duk wanda ya kalli na uku a Kabo, zai ga Ɗan Gayu ya ɗaga hannu, hoto ya yi tsalle, sai ga Baba Tanko yana fitowa da laka. Amma wannan a Kabo ne kawai. A Yamai da Kumasi da duk inda kaset ɗin Alhaji ya shiga, har yau tsohon yana ƙarƙashin ƙasa, uwar jandarman nan ma na san ta ce amin. Wannan haushin bai bar ni ba, kuma ban nemi ya bar ni ba.

Na naɗi kwafi ɗaya don Baba Sidi, zan ba direban motar goro. Kafin in kai, na biya Durun na sami Baba Tanko yana naɗe igiyar a gwiwar hannu zai tafi aiki Mainika. Har ranar bai tambaye ni abin da ya faru a can ba. Abu ɗaya ya tambaya, wa ya aiko da igiyar. Na ce wani jikan Kabo ne da bai taɓa ganin Kabo ba.

Ya saɓa ta a kafaɗa, ya ɗauki daginsa.

"To ka ce a gaya masa ta kai ƙasa."